Fuskokin Waɗanda Aka Ci da Yaƙi

A fadar Altemps da ke birnin Rum, wadda yanzu gidan tarihi ce, akwai wani akwatin gawa na dutsen mabul da ake kira Ludovisi, sunan babban limamin cocin da ya mallake shi bayan an tono shi a 1621. Tsawonsa ya kusa mita uku, tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya da rabi. An sassaƙa shi wajen shekara ta 250 zuwa 260 miladiyya, lokacin da manyan Rumawa suka daɗe da rage ƙona gawa suka koma binnewa.

Gabansa duka yaƙi ne. Ba ƙasa, ba sama, ba wurin da ido zai huta: mutum a kan mutum, doki a kan gawa. A sama ga Rumawa cikin kwalkwali, a ƙasa ga abokan gaba masu gemu da wanduna, waɗanda aka fi zaton ƙabilar Got ce. A tsakiya ga mamacin bisa doki, kansa ba kwalkwali, hannunsa na dama a miƙe ba takobi. Ko kallon yaƙin ba ya yi.

Saƙon da aka biya masassaƙi ya isar ke nan: wannan mutum ya fi ƙarfin tsoro, har da na mutuwa. Sai dai zamanin bai yi kama da haka ba. A 251 ne ’yan Got suka kashe Sarki Decius da ɗansa Herennius a yaƙin Abrittus. Wasu masana ma na ganin ɗaya daga cikin ’ya’yan sarkin ne ke kan dokin. In haka ne, dutsen yana shelar nasara a gidan da aka yi babban rashi.

A ganina, a jikin mamacin ne aikin ya fi rauni. An yi masa fuska mai kyau, amma natsuwarsa ta yi yawa, kamar daga baya aka ɗora shi a kan rikicin. Sojojinsa kuma fuskokinsu sumul suke, kusan duk iri ɗaya. Gwanintar da aka nuna a kansu ta tafi ne ga kaya, kamar sulken wani soja da aka fitar da zobensa ɗaya bayan ɗaya.

Ku gangara da ido ƙasa, a nan hannun masassaƙin ya sake. Ya huda dutsen da zurfi a gashi da gemun waɗanda ake kashewa, inuwa ta shiga ciki. Baki a buɗe, goshi a tamuƙe, kowa da irin faɗuwarsa. Ba na cewa tausayi ne ya sa shi. Barume na lokacin zai iya karanta wannan a matsayin rashin kamun kai na baƙi. Amma su ne suka fito da kamar mutane.

Wurin da na fi daɗewa ina kallo yana ɓangaren hagu. Wani soja ya riƙe haɓar wani fursuna, ɗaya hannun yana kansa, suna fuskantar juna. Zai kashe shi ne ko zai bar shi da rai? Masassaƙin bai yanke hukunci ba, kuma mamacin da aka yi akwatin dominsa ya kau da kai daga gare su.