Hannun da Ya Kasa Murɗa Famfo

Cikin tsofaffin benayen Wangsa Maju, unguwar da aka fara ginawa a shekarun 1980 a arewa maso gabashin Kuala Lumpur, akwai waɗanda ba su da lif. Dattijuwar da amosanin gaɓɓai ya kama a can, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta ci gaɓɓan mai ita, takan tashi da asuba yatsunta a sanƙare, sai sun ɗauki sa'a guda ko fiye kafin su saki. Likita a Asibitin Selayang zai rubuta mata maganin da ke danne kumburin. To, wa zai nuna mata yadda za ta murɗa famfo ta yi alwala, ko ta hau bene da kayan cefane?

Wannan aikin wani ma'aikaci ne daban, wanda mutanen Maleshiya ke kira jurupulih carakerja. Mu Hausawa ba mu raɗa masa suna ba, mukan cusa shi cikin masu gashin ƙashi, alhali ba ɗaya suke ba. Mai gashi burinsa gaɓa ta motsa, ta yi ƙarfi. Shi kuwa wannan, mai farfaɗo da ayyukan yau da kullum, burinsa mutum ya koma ga girkinsa da sana'arsa da ibadarsa. Yakan tausasa falle na roba a ruwan zafi, ya kwantar da shi bisa hannun majiyyaci har ya ɗauki siffarsa, ya zama abin tallafe wuyan hannu da yatsun da suka fara karkacewa wajen ɗan ƙuri. Yakan kaurara ƙotar cokali, ya koyar da ɗaukar tukunya da tafin hannu biyu maimakon a rataye ta a yatsu, ya raba aikin yini don kada gajiya ta kayar da mutum tun hantsi.

A takarda, ƙa'idar horo tana nan daram. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, wadda aka kafa a 1952, ta shar'anta wa ɗalibi aƙalla sa'o'i 1,000 na aiki da majiyyata kafin ya kammala. Maleshiya ta yi doka mai lamba 774 a 2016, ta fara aiki a 2020, ta wajabta rajista, kuma Jami'ar Kebangsaan na ba da digiri a fannin. Nijeriya ma ta kafa hukumar rajistar irin waɗannan ma'aikata tun 1988, ana kuma karatun a Ile-Ife da Legas.

Inda nake da ja shi ne nan. Sa'o'i 1,000 ɗin rabawa ake yi tsakanin yara, da masu taɓin hankali, da masu shanyewar ɓarin jiki, sai abin da ya rage ya kai ga ciwon gaɓɓai. Shi kuwa wannan ciwo ba karaya ba ce da za a ɗora ta warke. Yau ya lafa, gobe ya tashi, haka har ƙarshen rai. Robar da ta dace da hannu a watan jiya tana iya zama azaba idan gaɓa ta kumbura. Ƙungiyar masana ciwon gaɓɓai ta Turai ta gane haka, shi ya sa a 2019 ta tsara jerin ƙwarewar da take nema ga duk mai kula da waɗannan majiyyata, bayan digiri.

Sai dai jerin Turai bai san zaman tahiya ba. Matar Wangsa Maju da ta Kano sun yi tarayya a nan: da hannun dama suke cin abinci, sau biyar suke alwala, kuma nauyin jikinsu a wuyan hannu yake sauka idan za su miƙe daga sujada. Ma'aikacin da ya iya aikinsa zai tambayi wannan tun a zaman farko, ya san lokacin da zai ce ta yi salla a kujera, ya san kuma nauyin da maganar ke da shi a zuciyarta. Ta Kano tana da ƙari, domin akwai muciya, kuma tuƙin tuwon mutum goma yana matse yatsu daidai ta ɓangaren da ciwon ke karkatar da su.