Nazari a Kan Raɗe-raɗin Naɗin Koci

Daga cikin al'adun da suka kafu a ƙwallon ƙafa na Turai, musamman a Ingila, har suka zama wani fanni na aikin jarida mai cin gashin kansa, akwai hasashen wanda zai gaji kujerar koci duk sa'ad da wata babbar ƙungiya ta rabu da nata. Kuma ko da yake galibin masu karanta irin waɗannan labarai sun san cewa zato ne ya fi yawa a cikinsu, wannan sani bai taɓa hana su bin su kullum safiya ba, daga mashayun Liverpool har zuwa gidajen kallon ƙwallo na Kano da Zinder.

Misali mafi bayyana shi ne abin da ya faru a 2024. Ran 26 ga Janairu, Jürgen Klopp, wanda ya riƙe Liverpool tun Oktoban 2015, ya ciwo mata kofin Zakarun Turai a 2019 da na Firimiya a 2020 bayan ta yi shekara 30 tana jira, ya sanar cewa zai sauka a ƙarshen kaka. Rana ba ta faɗi ba sai da aka yi kamar ijma'i a kan Xabi Alonso, kuma hujjar da aka kafa ba mai rauni ba ce, domin ya buga wa ƙungiyar wasa daga 2004 zuwa 2009, yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a Istanbul a 2005, ga shi kuma a lokacin yana jan ragamar Bayer Leverkusen, wadda ta gama gasar Jamus ta wannan kaka ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Amma ran 29 ga Maris ya ce yana nan daram a Leverkusen, sai alƙaluma suka koma kan Ruben Amorim na Sporting ta Fotugal, da irin ƙarfin gwiwar da aka yi wa na farkon, alhali wanda aka tabbatar da naɗinsa ran 20 ga Mayu shi ne Arne Slot na Feyenoord ta Holan, mutumin da sunansa bai cika bakin jama'a ba sai a ƙarshen Afrilu.

Wanda ya taɓa zama gaban malaman hadisi zai gane illar wannan fanni nan da nan, domin su ba su duba matanin magana sai sun bincika isnadinta, watau wa ya ji daga wa, kuma mene ne halin kowane mai ruwaya. Labarin naɗin koci kuwa akan jingina shi ne ga wata majiya ta kusa da ƙungiya wadda ba a ambaci sunanta ba, wato mai ruwaya majhuli. Sa'an nan jaridu goma su ɗauka daga jarida ɗaya, kowace tana cewa an ruwaito, har mai karatu ya ɗauka labarin ya kai matsayin mutawatiri, alhali in an bi silsilar zuwa tushenta bakin mutum guda za a tarar.

To, wane ne wannan mutum guda? Sau da yawa wakilin wani koci ne, wanda maslaharsa ita ce a riƙa ambaton mutuminsa tare da manyan kujeru, domin kocin da ake cewa ana zawarcinsa ya fi samun bakin neman ƙarin albashi a inda yake. Wani lokaci ƙungiyar da kanta ce take sakin suna don ta auna zuciyar magoya bayanta. Mafi muni a ganina shi ne hannun kamfanonin caca, waɗanda ke buɗe kasuwa a kan kowace kujera da ta faɗi. Kasuwa ce ƙarama, kuɗi kaɗan ke motsa farashinta, amma da zarar farashin wani suna ya motsa sai jarida ta buga shi a matsayin labari, masu karatu su ruga su zuba kuɗi, farashin ya ƙara motsawa, a sake bugawa, ta haka zato ya zama shaidar kansa.

Adalci dai ya wajabta a faɗi cewa ba duka ne ƙarya ba. A shekarar 2024 ɗin Bayern Munich ta nemi magajin Thomas Tuchel, aka yi ta ambaton Alonso da Julian Nagelsmann da Ralf Rangnick, kuma na ƙarshen nan da kansa ya tabbatar an tuntuɓe shi kafin ya zaɓi zama da tawagar Ostiriya. Duk da haka Vincent Kompany aka naɗa, wanda Burnley ta faɗi daga Firimiya a hannunsa 'yan makonni kafin nan. Ruwayar ta inganta, natijar ce ta saɓa, saboda mai hasashe yana lissafa wanda ake so ne, ya manta da wanda zai yarda, da wanda ƙungiyarsa za ta sake shi, da diyyar da za a biya.

Akwai kuma wata mas'ala da jaridu ba su cika son taɓawa ba, ita ce ma'aunin jama'a da na masu naɗi ba ɗaya ba ne. Magoyin baya yana auna koci da nasabarsa da ƙungiya da girman sunansa, shi kuwa daraktan wasanni, irin Richard Hughes da ya jagoranci binciken Liverpool, yana duba ko salon mutum ya dace da 'yan wasan da ke ƙasa. Slot ya ci Firimiya a kakarsa ta farko, a Afrilun 2025, kofin lig na 20 a tarihin ƙungiyar. Sunayen da aka bari kuwa ba su fita daga jerin ba, an dai ajiye su ne don gurbi na gaba: Amorim ya tafi Manchester United a Nuwamban 2024, Alonso kuma Real Madrid ta ɗauke shi a 2025.