Gaɓar da Aka Ce Ba Kowa

A ɗakina na Nima na kalli bidiyon wasu Turawa masu yawo a gaɓar yammacin Ghana cikin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Hoto ya yi kyau, ban musa ba: kwakwa, yashi, hasumiyar fitila ta Cape Three Points. Amma mai bayanin ya nace wai wurin ba kowa. To ina masuntan Fante da Ahanta da kwale-kwalensu? Ya gifta sansanin Elmina, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, bai faɗi cewa jiragen iska ne suka kwashe bayi daga nan ba, har da waɗanda aka koro daga arewa. Wannan shirun ya ɓata mini fim ɗin.