Waƙar da Ake Ɗaure Mai Ita: Nazari kan Waƙoƙin 'Yan Sawaba

Masu nazarin adabinmu sun saba zuba waƙoƙin siyasa a kwando ɗaya, tun daga na shekarun 1950 har zuwa waɗanda ake bugawa a situdiyo yau ana ɗorawa a motar kamfen. A ganina wannan bai yi wa wasu mawaƙa adalci ba. Akwai waƙar da mai ita zai rera ya koma gida da riga da doki, akwai kuma wadda yake rerawa yana sane cewa mai yiwuwa a gidan yari zai kwana. Ta biyun ce abin dubawata a nan, wato waƙoƙin da 'yan jam'iyyar NEPU, waɗanda ake kira 'yan Sawaba, da magabatansu suka yi wa mulkin En'e, wato hukumar sarakuna, a Arewacin Nijeriya.

Bahaushe bai taɓa rasa hanyar sukar mai iko ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi gwanayen zambo ne, kuma wanda suka sa a gaba ya shiga uku. Amma a lura da wanda ake yi wa zambon: ɗan sarkin da ke harin gadon ubangidansu, ko wani basarake abokin hamayya. Makaɗin yana jifa ne daga cikin inuwar mai iko. Habaici kuwa ba ya kama suna, yana bar wa mai yinsa ƙofar fita, in an tsare shi ya ce ai ba da kowa yake ba, wanda ya tsargu da shi ake. Dukansu fasaha ce, ban raina su ba. Sai dai tarbiyyar da talaka ya tashi da ita ta kame baki ce. An ce masa bin na gaba bin Allah, an ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa, an ce baki shi ke yanka wuya. Wanda zai tsaya a dandali ya kira zalunci da sunansa, ya kuma nuna mai yinsa, sai ya tsallake duk waɗannan.

Abin da ya ba 'yan Sawaba ƙafar tsallakewa ba daga Legas ko Landan ya zo ba. Gado suka tarar. Tun kafin hijirar 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsaya gaban Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a filin idin Magami, aka miƙa masa dukiya ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sakin fursunoni da sassauta wa talakawa haraji. A littafinsa Kitabul Farƙi ya lissafa hanyoyin da sarakunan zamaninsa ke tatsar jama'a, jangali da gaisuwa da kuɗin gari da ƙwace dabbobin mutane. Amma abin da ya fi ba ni mamaki a gadon nan shi ne bai tsaya kan abokan gaba ba. Da nasara ta fara samuwa, Malam Abdullahi ƙanen Shehu ya ga mutanensa sun karkata ga ganima da muƙamai, ya bar rundunar ya nufi gabas, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci. Waƙar Tabbat Haƙiƙa ma gargaɗi ce ga masu riƙe da iko a cikin daular da jihadin ya kafa. Don haka sa'ad da ɗan NEPU ya tashi ya ce sarki ya yi zalunci, yana da hujjar da sarki ba zai iya kira bidi'a ba, domin daga littattafan kakannin sarkin aka ciro ta.

Sai a duba abin da mai irin wannan waƙa yake tunkara. A ƙarƙashin Turawa, En'e ce ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, ita ke naɗa alƙali. Manomin da dagaci ya ninka wa haraji, ko aka kwashe shi aikin tilas damina na tsaka, in ya kai ƙara, gaban mutanen wanda ya cuce shi zai durƙusa. Jam'iyyar NEPU da matasa takwas suka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 ba ta iya yin lacca sai da takardar izini, kuma hukumar da za a soka ita ke bayar da takardar. In an yi ba izini a ɗaure, in an ambaci sarki a ce an ci mutuncin hukuma, bulala ko tara ko wata shida. Akwai kuma hukuncin da ba ya shiga littafin kotu: a ƙwace wa mutum rumfarsa a kasuwa, a matsa wa surukansa, abokan zaman majalisa su watse in sun hango shi. A 1953 aka ga 'yan daba da ake kira Mahaukata suna bin 'yan NEPU da duka a titunan Kano. A 1958 Majalisar Arewa ta yi dokar da ta hana yara shiga harkar siyasa, abin da ya nuna waƙoƙin sun riga sun isa bakin yara a lunguna.

Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, shi ne ya nuna cewa tsohuwar waƙar wa'azi za ta iya ɗaukar wannan kaya. Malami ne ɗan malamai, ya kuma yi boko har Kwalejin Yaba, saboda haka ba a iya ce masa jahili ta kowane ɓangare. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ya fuskanci sarakuna kai tsaye, ya ce su gyara kotuna da mulki ko su bi sahun sarakunan Indiya da zamani ya share. Bai nemi a rushe sarauta ba, gyara ya nema, kuma wannan ne ya sa Mudi Sipikin, ɗaya daga takwas ɗin da suka kafa NEPU, ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Ina son wannan musayar ƙwarai. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai yake ce wa babban malamin tafiyarsu bai kai maganar inda ya kamata ba, a cikin baiti, a bainar jama'a. Sa'adu ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, bai ga 'yancin kai ba, bai kuma tara komai ba.

Me ya sa waƙa, ba maƙala ba? Mafi yawan waɗanda ake yi dominsu ba sa karanta boko, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa ta gwamnati ce. Waƙa ba ta buƙatar izinin bugawa. Mawaƙi zai hau tebur ko bayan mota a wurin lacca, takardarsa a hannu da ajami ko boko, ya ja baiti, taro ya karɓi amshi. Kafin 'yan doka su tarwatsa mutane, amshin ya zauna a kan mahauci da ɗan dako da tela, gobe kuma ya bi motocin gyaɗa zuwa wani gari. Ana iya ƙwace takarda a yaga, amma ba a ƙwace abin da aka haddace. Mawaƙan NEPU irin su Gambo Hawaja a Jos da Aƙilu Aliyu sun san wannan sarai, shi ya sa suke zaɓen amshi gajere mai daɗin faɗa.

Wani abu a tsarin waƙoƙin ya cancanci a tsaya a kansa. Rubutacciyar waƙar Hausa tana buɗewa da sunan Allah da salatin Annabi, ta tafi bisa kari da ƙafiya, a ƙarshe marubucin ya faɗi sunansa, wani lokaci har da garinsu, ya roƙi gafara. A waƙar wa'azi wannan neman addu'a ne kawai. A waƙar da ta soki En'e kuwa, baitin ƙarshen nan shaida ce mutum ya miƙa wa alƙali da hannunsa. Da yawansu ba su bar al'adar ba. Suna iya sakin waƙar ba suna, ta yi yawo kamar yadda waƙoƙin dandali ke yi, amma suka zaɓi a san mai magana. A nan nake ganin jarumtar take, fiye da zafin kalmomin da ke tsakiyar waƙar.

Hajiya Gambo Sawaba ba marubuciyar waƙa ba ce, amma ba a yin maganar wannan dandali a bar ta. Tun tana 'yar shekara goma sha bakwai ta shiga NEPU a Zariya, ta riƙa hawa dandamali a lokacin da fitar mace wurin taron maza kaɗai ta isa a ɓata mata suna. An ɗaure ta ba sau ɗaya ba sau biyu ba, an yi mata duka, an aske mata kai, tana neman ƙuri'ar da matan Arewa ba su jefa a zaɓen ƙasa ba sai 1979.

Ba duk abin da aka rera ne abin alfahari ba. Akwai waƙoƙin da suka bar zalunci suka koma zagin halitta da tonon asali, mawaƙan jam'iyyar NPC mai mulki su ma suka rama da kiran 'yan hamayya 'yan iska marasa tarbiyya, aka yi ta ƙazamin ba-ta-kashi da baki. Ko a waƙar Sa'adu akwai maganganu kan mutanen Kudu da tsoron zamanin ya haifa, waɗanda bai dace mu maimaita su yau ba. Abin lura shi ne na zagin sun mutu tare da waɗanda aka zaga. Waɗanda har yanzu ake karantarwa su ne suka faɗi abin da aka yi wa talaka dalla-dalla: harajin da aka karɓa sau biyu, shari'ar da aka saya, gonar da aka ƙwace.

NEPU ba ta taɓa kafa gwamnati ba. Tun zaɓen 1951 tsarin zaɓe hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe, ya cinye nasarar da ta samu a matakin farko a Kano. Amma a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun sarakuna, a 1979 kuma gwamnatocin jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Abubuwan da aka yi wa mutane bulala don sun rera, su ne suka zama doka.

Yau kayan aiki sun yi yawa, waƙa na zagaya duniya a waya cikin awa guda, amma mafi yawan abin da ake kira waƙar siyasa roƙo ne da sabon kiɗa: a biya, a wasa ɗan takara, a yi wa abokin karawarsa zambo, in zaɓe ya juya a juya. Haɗarin bai gushe ba ga wanda ya ƙi wannan hanya. A 2009 an kama Aminu Ala a Kano aka kai shi kotu kan waƙarsa Hasbunallahu. Kuma abin faɗa bai ƙare ba, ga ƙauyukan Zamfara da Katsina da ke biyan 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonakinsu, ga mutanen da ke shekaru a tsare ba a yanke musu hukunci ba. Ina kira ga mawaƙanmu da ke da murya da mabiya su yi wa waɗannan mutane waƙa, su faɗi wanda ya gaza, su sa sunansu a ƙarshe. Mu kuma masu saurare, ranar da aka kama ɗaya daga cikinsu, kada mu watse mu bar shi da iyalinsa kaɗai a ƙofar kotu.