Kujerun Da Ba A Sayar Wa Mai Goyo

A watan Nuwamba na 2023 kamfanin jiragen sama na Corendon ya fara sayar da wasu irin kujeru a jirginsa mai tashi daga Amsterdam zuwa tsibirin Curaçao. An keɓe gaban jirgin, kujera 102, an raba shi da sauran wurin zama da bango da labule, aka ce duk wanda bai kai shekara 16 ba bai isa ya zauna a nan ba. Mai so sai ya ƙara Yuro 45 a kan kuɗin tikiti, mai son wurin miƙe ƙafa kuma ya ƙara Yuro 100. Ba su ne farau ba. Tun 2012 kamfanin Malaysia Airlines ya hana 'yan ƙasa da shekara 12 zama a kujerun gama-gari na benen babban jirginsa A380. AirAsia X da Scoot suka biyo baya a 2013, IndiGo na Indiya a 2016. Japan Airlines kuwa bai kori kowa ba, dabara ya yi: idan ka zo zaɓen kujera sai ka ga hoton fuskar jariri a inda mai goyo za ta zauna, don ka nisance ta tun kana gida. Har yanzu dai yanki ake keɓewa, amma masu wannan ra'ayi jirgi sukutum suke nema, wanda ba yaro ko ɗaya a cikinsa.

Mu a gidajen rediyo irin wannan labari a ƙarshen labarun duniya muke sa shi, wurin da ake sa labarin akuya mai kai biyu. A karanta, a yi dariya, a ce Turawa ke nan, a wuce. Ni ina ganin ya wuce abin dariya, domin cikin 'yan'uwanmu da suka saba hawa jirgi akwai da yawa da suke jin an faɗi abin da ke ransu, kunya ce kawai ta hana su cewa haka a gaban dattawa.

Masu ƙorafin suna da tasu gaskiyar, kuma ba zan tauye musu ita ba. Tafiyar awa tara ko goma a kujera matsattsiya wahala ce ko ba yaro. Wani fitowarsa ke nan daga asibiti, wani yana sauka zai shiga taro, wani kwana biyu bai runtsa ba. Kukan jariri kuma ba irin ƙarar da kunne ke sabawa da ita ba ce. Injin jirgi ya fi shi daɗewa yana ruri, amma bayan minti goma ka manta da shi. Kukan jariri an halicce shi ne don kada a iya mantawa da shi, shi ya sa yake tayar da uwar da tsawa ba ta tayarwa. Akwai kuma yaro ɗan shekara bakwai da zai yini yana shurin bayan kujerarka, ubansa na gefe ya toshe kunne yana kallon fim. Wannan kam laifin uban ne, a gaya masa, ba sai an kafa doka ba.

Matsalar ita ce ra'ayin ya haɗa wannan yaro da jariri ɗan wata shida a kwando ɗaya. Jariri ba rashin tarbiyya ke sa shi kuka a jirgi ba, kunne ne ke masa ciwo. Iskar da ke cikin jirgi idan ya lula sama daidai take da ta wanda ya hau dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Sa'ad da jirgi ya fara sauka nauyin iskar sai ya ƙaru ya danna dodon kunne daga waje. Babba sai ya yi hamma ko ya haɗiye yawu, wata 'yar hanya da ta haɗa kunne da maƙogwaro ta buɗe, abu ya daidaita. Ta jariri siririya ce, ga shi bai san ya yi hamma da gangan ba, in da mura kuwa sai abin ya ninka. Shi ya sa ake ce wa iyaye mata su ba da nono lokacin tashi da sauka. Wanda ya ce a hana wannan kuka da tarbiyya bai san abin da yake faɗa ba.

Sai kuma batun labulen, wanda shi ne ya fi ba ni mamaki. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin watsa shiri ya san irin wahalar da ake sha kafin a tsare sauti: a manna soso a bango, a yi ƙofa biyu, a toshe kowace kafa, amma idan aka tayar da janareto sai ka ji shi a kaset. To labule ne zai tare kukan jariri a cikin bututun ƙarfe? Wanda ke kujerar ƙarshe ta yankin manya zai ji kukan ras. Abin da ya saya da Yuro 45 ɗinsa shi ne kada ya ga uwar, kada su haɗa ido ta ba shi haƙuri, kada ya ji nauyin miƙa mata hannu. Yaran kuma ba ragewa suka yi ba, an tattara su ne a baya a kan waɗanda ba su da abin ƙarawa. Kamfani ya matse kujeru ya ƙuntata wa kowa, sannan ya dawo yana sayar maka da sauƙi a guntu-guntu. Ban kuma ji an keɓe wuri saboda mai minshari ba, ko mashayi, ko mai surutun da ba ya ƙarewa, alhali su da hankalinsu.

Duk wannan ana iya faɗarsa a kowane harshe. Abin da ya sa na ga ya dace a faɗe shi da Hausa shi ne tarihin ƙauyukanmu na Jazira da Shuɗin Kogin Nilu, domin tafiya da yara ce ta kafa su. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin kogi kusa da Shaikh Talha, daga baya aka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Bayansu ayari-ayari suka yi ta biyowa da niyyar Makka: daga Kano zuwa Barno, a ƙetare zuwa Fort Lamy da Abeshe, a shiga Janaina, a bi ta Fashir da Ubayyid, a nufi Sawakin a jira jirgin ruwan Jidda. Da ƙafa, da jaki, da takarkari, daga baya da lori da jirgin ƙasa. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma shekara ɗaya ko biyu a ci gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai wurin tsayawar ya zama wurin zama. Mai sana'a ya kama sana'arsa a Wad Madani, mai ƙarfi ya shiga tsinkar auduga, wasu a ƙauyuka, wasu a kambo.

Tafiyar da ke cin shekara biyar ko goma ba a barin mata da yara a gida. A hanya ake yin ciki, a hanya ake haihuwa, a hanya ake yaye, wasu a hanya aka binne su. Masani C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 mai suna Permanent Pilgrims a kan mutanen waɗannan ƙauyuka, inda ya nuna jikoki da tattaɓa-kunnen matafiyan farko har lokacin suna ɗaukar kansu maniyyata da ke kan hanya, ko da a Sudan aka haifi kakanninsu. Mark Duffield ma ya yi nasa a kan Mai Wurno a 1981. Amma a yadda mu da kanmu muke ba da wannan tarihi, a waƙa da wa'azi da hirar dattawa, sunan sarki ake ji da na malami da na madugu. Ba a cika tsayawa a kan matar da ta ratsa Wadai da Darfur da goyo a baya da tukunya a ka ba, balle abin da aka yi da kukan ɗanta da dare a dajin da ake tsoron mahara. A ƙagaggun labaranmu ma, in ka cire Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda yaro da uwar da ke nemansa su ne ƙashin bayan tafiyar Sahara, yaro matafiyi ba ya yawan samun wuri. Wannan gibi ne da marubutanmu ya kamata su duba, musamman mata.

A addinance ma maganar ba ɓoyayya ba ce. Sa'ayin da alhaji ke yi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai sawun Nana Hajara yake bi, ita kuwa ƙishirwar jaririnta Isma'ila ce ta sa ta kai da kawowa. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro sai ya taƙaita don ya san halin da uwar ke ciki. A duba nan da kyau: liman ne ya rage karatu, ba uwar aka ce ta fita ba. Wani zai ce ai Saudiyya ma ta hana zuwa da yara ƙanana aikin Hajjin 2025. Haka ne, amma hakan ya biyo bayan Hajjin 2024 da zafi ya kashe mutum sama da 1,300. Dokar da aka yi don kare ran yaro daban, wadda aka yi don kare barcin babba daban, ko da a takarda sun yi kama.

Kada kuma mu cika baki da cewa mu ɗa na kowa ne a wurinmu. Gaskiya ne har yau idan mace ta shiga bas da yara uku za ka ji wata ta ce, "Kawo shi nan, 'yar'uwa," ko wani dattijo ya ɗora ɗaya a cinya ya ce, "Zo nan, maigida," ya ba shi dabino. Amma mu ne kuma muke korar yara daga sahun gaba a masallaci da tsawa. Mu ne idan yaro ya yi kuka a taro muke hararar uwar, ba a taɓa neman uban ba. Shirun da ake yaba wa yaranmu a mota sau da yawa shirun rankwashi ne. Wanda ya tura ɗan shekara shida wani gari da ƙoƙon bara ba shi da bakin yi wa Bature wa'azin son yara. Su labule suka sa suka karɓi kuɗi, mu kuwa ko labulen ba mu sa ba.

Irin wannan ce ke faruwa a shirin wayar kai tsaye. Mace ta bugo, tana fara magana yaro ya tsala kuka a bayanta, sai ka ga mai kula da na'ura yana yi maka alama da hannu a yanke layi don sauti ya ɓaci. Idan ka bi wannan ƙa'ida, ka wayi gari masu magana a shirinka maza ne da 'yan matan da ba su haihu ba, matan gida sun ɓace ba tare da kowa ya ce an hana su ba. Ni nakan ce, "Hajiya, lallashe shi muna jiranki," mu jira. Daƙiƙa ashirin ce.

Wannan hali na ware mutum ba tare da an furta an kore shi ba, Hausawan Sudan sun san ɗacinsa fiye da kowa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi a nuna kakanni suna ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar mutane da yawa da aka haifa a Jazira ba su da takarda, ana kiran su Fallata da Takari da muryar raini alhali su ke tsinke audugar da ƙasar ke taƙama da ita. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da Damazin kan batun ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a Oktoba, aka kashe ɗaruruwa, dubbai suka gudu zuwa Sinnar da Rabak da Madani. Ba su gama zama ba yaƙi ya tashi a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023. A Disamba na wannan shekara dakarun RSF suka shiga Madani, a ƙarshen Yuni 2024 suka shiga Sinja. Wadda ta gudo daga Rusairis da goyo ta sake ɗaure zani ta goya wani.

Jirgi ya zo a lokacin, amma ga masu fasfo. Nijeriya ta kwashe 'yan ƙasarta da motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a can kafin a buɗe musu, rukunin farko na mutum 376 ya sauka Abuja daga Aswan ranar 3 ga Mayu 2023, wasu kuma aka ɗebo su ta Port Sudan. Mutanen ƙauyukan Jazira da Sinnar 'yan Sudan ne, ba wata ƙasa da za ta aiko musu jirgi. Lori suka hau, da amalanken jaki, da kwale-kwale, wasu da ƙafa zuwa Gadarif da Kasala, wato suka ci gaba da bin hanyar gabas da kakanninsu suka tsaya a rabinta. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Madani kuma a Janairu 2025, mutane sun fara komawa, yawanci a bayan irin lorin da ya fitar da su, manya a kan buhuna, yara a kan cinyar duk wanda ke kusa.