Masu Noman Inabi a Cikin Ramin Toka

Idan aka nuna wa manomin Kano ko na Maraɗi hoton kwarin La Geria, da wuya ya yarda gona ce. Ƙasa baƙa ƙirin kamar an zubar da gawayi, ko tsinken ciyawa babu, sai ramuka dubbai jere da juna har gindin tsaunuka, kowanne da ɗan shingen dutse a bakinsa mai siffar jinjirin wata. Sai mutum ya leƙa ciki zai ga kore. Kurangar inabi ce guda ɗaya tak, ta kwanta a ƙasan ramin ta baje rassa, ganyenta shar kamar wadda ake wa ban-ruwa safe da yamma, alhali ruwan sama kaɗai ta sani.

Wurin yana tsibirin Lanzarote, ɗaya daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, a cikin tekun Atlantika. Tsakaninsa da gaɓar Maroko bai fi tazarar kilomita 125 ba, wato a taswira ɗan Afirka ne, a mulki kuma na Turai. Ruwan da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 150 ba, kusan irin na Agadas, kuma Kano tana samun fiye da ninki biyar na wannan. Babu kogi a tsibirin. Iska kuwa ba ta hutawa.

Gara in fito fili tun yanzu. Inabin nan yawancinsa giya ake yi da shi, ni kuma ba na shan giya, haka ma galibin masu karanta wannan rubutu. Noman ne ya ɗauki hankalina, kuma ba na jin kunyar yabon manomi a duk inda na ga ya ƙware. Wanda ya iya fitar da amfani daga ƙasar da ta ƙone ƙurmus, ba rijiya ba famfo, yana da abin da zai koya wa mutanen da hamada ke cin gonakinsu.

Asalin abin masifa ce. Ranar 1 ga Satumba 1730 ƙasa ta tsage a yankin Timanfaya, duwatsu suka fara aman wuta. Limamin cocin garin Yaiza, Andrés Lorenzo Curbelo, ya rubuta abin da ya gani a lokacin, kuma daga rubutunsa aka san yadda al'amarin ya soma. Ba a samu lafawa ba sai 1736. Narkakken dutse ya rufe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsibirin, ya binne ƙauyuka, ya cinye fadamun da suka fi ko'ina ba da hatsi. Inda narkakken dutsen bai kai ba, baƙar tsakuwa da toka suka sauka daga sama suka lulluɓe gonaki, wani wuri kamu ɗaya, wani wuri ta fi tsayin mutum. Jama'a da dama suka yi ƙaura zuwa tsibiran da ke maƙwabtaka.

Waɗanda suka zauna, da waɗanda suka dawo, sai suka shiga tono don su kai ga ƙasarsu ta gado da ke binne. A nan suka lura da wani abu: shukar da saiwarta ke cikin tsohuwar ƙasa, tsakuwa kuma ta rufe kanta, ta fi ta fili jure fari nesa ba kusa ba. Hausawa sun ce wani hanin ga Allah baiwa ne. Alkama da sha'ir ba za su yiwu a ƙasan rami ba, amma itace mai doguwar saiwa zai yiwu. Suka dasa ɓaure, suka dasa inabi, inabin ya karɓe wurin.

Ita wannan tsakuwa, da mutanen wurin ke kira picón ko rofe, ita ce tushen sana'ar, don haka ya kamata a dube ta da kyau. Ka ɗebo ta a tafin hannu, za ka ji ba nauyi, ƙwayoyinta daga girman gero zuwa na gyaɗa, kowace cike da ƙananan huji kamar soso. Idan ruwa ya sauka, nan take yake zurarewa ta tsakaninta ya isa ƙasar da ke ƙarƙashi, ba ya kwarara ya yi zaizaya. Idan rana ta fito kuma ba ya iya komawa sama, domin tsakuwar ta yanke hanyar da damshi ke bi ya tsere. Tana hana ƙasa yin zafi da rana, tana hana ciyawa tsirowa. Manoman suna ƙarawa da cewa tana kama raɓar dare da laimar da iskar teku ke kawowa. Masu bincike a Jami'ar La Laguna da ke tsibirin Tenerife sun auna ƙasar da aka rufe da wadda aka bari a buɗe, suka tarar ta rufen tana riƙe da ruwa ninkin-ba-ninkin a watannin rani. A ganina babban aikinta shi ne na murfi, irin wanda uwargida ke ɗora wa randa.

Sai ramin. Ana haƙa shi kamar mazurari, mai faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, har a taɓo ƙasar asali. Zurfinsa ya danganta da kaurin tokar wurin. A tsakiyar La Geria akwai masu kai mita 3, faɗinsu kuwa ya ninka haka. Gwanintar tana wajen gangaren bango. In ya miƙe da yawa, tsakuwa za ta zubo ta binne shukar. In ya kwanta da yawa, an ɓata fili kuma an buɗe wa iska ƙofa. Ba ma'auni ake sawa ba, ido ne da hannu, kuma a wurin uba ko kaka ake koyo. Ko an yi shi daidai ma, iska ba ta daina turo tsakuwa ciki, saboda haka lokaci-lokaci sai an shiga da shebur an kwashe, an mayar da ita bango. Mai gona ba ya faɗawa rami ta ko'ina. Yana da 'yar hanyarsa guda da yake bi ya sauka ya hau, don kowane taku yana zubo da tsakuwa. Busasshen ganye ma sai an share shi, kada ya ruɓe ya gauraya da tsakuwar ya toshe mata huji.

Shingen dutsen nan na bakin rami shi ya fi burge ni. Iskar da ta fi damun tsibirin daga arewa maso gabas take busowa, don haka duk shingayen can suka juya wa baya, dubbansu, kamar sahu. Da baƙaƙen duwatsun da dutsen ya amayo ake gina su, ba siminti, ba laka, tsayinsu daga gwiwa zuwa ƙugu. Baƙo zai ga ramukan da ke tsakanin duwatsun ya ɗauka ganda ce ta magini. Da gangan aka bar su. Bangon da aka toshe ruf, iska takan haura shi ta faɗo bayansa tana juyawa, ta kakkarya sabon toho. Wanda ke da huji kuwa tace ta yake yi, ta shigo a gajiye, ta ratsa ganye ta busar da laimar da ke jawo fumfuna. Magini zai ɗauki dutse ya juya shi sau biyu ko uku a hannu, ya nemo fuskar da za ta ciji na ƙasa, ya ajiye. Kaushin dutsen ne ke riƙe da ginin shekara da shekaru.

Wannan tsari yana da tsada, kuma a fili ake biyanta. A gonakin inabi na Faransa ana dasa kuranga dubbai a hekta ɗaya, a jere, tarakta tana wucewa tsakaninsu. A La Geria 'yan ɗaruruwa ne kawai, amfanin hekta kuma bai cika wuce kilo 1,500 ba. Inji ba ya shiga rami. Datse rassa a farkon shekara, barbaɗa farar wuta don kashe fumfuna, girbi, duk da hannu ne, rami bayan rami, sauka da hawa. A da raƙumi ne abokin aikin, domin tun ƙarni na 15 ake kawo raƙuma tsibirin daga gaɓar Afirka. Su ke huɗa, su ke ɗaukar akwatunan inabi zuwa wurin matsa. Yau yawancinsu 'yan yawon buɗe ido suke ɗauka a Timanfaya.

Amma abin da aka rasa a yawa an same shi a lafiyar shuka. Tunda ciyawa ba ta samun wurin tsira, bukatar maganin kashe ta kaɗan ce. Tunda ruwan sama kaɗan ne kuma iska ba ta hutawa, cututtukan ganye ba su da ƙarfi irin na ƙasashe masu laima. Shi ya sa bai yi wa gidaje da dama wuya ba su bi tsarin noman da babu takin zamani ba maganin feshi na kamfani, abin da Turawa ke ba wa takardar shaida su kuma saya da tsada. Akwai wani ƙwaro, filoksera, da ya cinye saiwar inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, har ya tilasta wa manoma yi wa kurangarsu aure da saiwar inabin Amurka. Bai shiga Lanzarote ba a wancan zamani. Kurangar can a kan saiwarta ta asali take tsaye, kuma akwai waɗanda suka haura shekara ɗari suna haihuwa. Mutum yana girbin abin da kakan kakansa ya dasa.

Irin da suka fi ji da shi fari ne, sunansa Malvasía Volcánica. Saboda ɗumin tsibirin, tun a watan Yuli ake fara girbinsa, kafin kusan ko'ina a Turai. Zaɓen ranar girbi ilimi ne mai zaman kansa. Manomi zai tsinki ƙwaya ya tauna, ya duba ko ɗan da ke ciki ya yi ja, ya auna zaƙi da tsami a harshensa. Jinkirin 'yan kwanaki na iya sa tsamin ya gudu. Ga kuma fargabar calima, zazzafar iska mai ƙura da ke tasowa daga Sahara, 'yar uwar hazon da muka sani, wadda ke iya ƙona nonon inabi a kan reshe. Da asuba ake fita, a yanka da almakashi, a jera a ƙananan akwatuna don kada na sama ya fasa na ƙasa, a ɗauko a kafaɗa a hauro.

Abin da ke biyo baya gajere ne. Ana matse inabin a raba ruwan da ɓawo, a zuba shi a tankunan ƙarfe masu sanyi, ƙwayoyin yis su cinye sukarin da ke ciki. Idan sun cinye shi kaf har ba sauran zaƙi, ita ce Turawa ke kira busasshiyar farar giya, kuma da ita aka san tsibirin. Masu sana'ar da kansu sukan ce ba su da abin ƙarawa a kan abin da gona ta bayar. Gidan El Grifo, wanda ke aiki tun 1775, yana cikin mafi daɗewa a Sifaniya baki ɗaya, kuma tun 1880 yana hannun zuri'a guda. A 1993 aka ba inabin tsibirin tambarin asali na hukuma, a shekarar ce kuma UNESCO ta sa Lanzarote cikin wuraren da ake kiyaye muhallinsu. Sai dai yawancin ramukan ba na manyan gidajen ba ne. Na ƙananan manoma ne fiye da dubu, masu gadon 'yar gona, da yawansu suna da wani aikin, ranar hutu su fito da 'ya'ya da jikoki. Damuwarsu ita ce samari sun fi son aikin otal, kuma ramin da aka bari 'yan shekaru ba kulawa cikewa yake yi ya shafe.

Duk wanda ya san yankin Tahoua zai ji wannan labari bai yi masa baƙo ba. Manoman Illela sun farfaɗo da tassa tun ƙarshen shekarun 1980: ƙananan ramuka a kan fako, a zuba taki, ruwa ya taru, gero ya fito inda aka fid da rai. Akwai kuma rabin-wata, wanda siffarsa ta yi kama da shingen La Geria, ko da yake namu ruwa yake tarewa, nasu iska. A Burkina Faso marigayi Yacouba Sawadogo ya mayar da fako daji da irin waɗannan ramuka da suke kira zai. Tsakanin mutanen Lanzarote da namu babu wanda ya kwaikwayi wani. Fari ne ya koya wa kowa a ƙasarsa.

Inda mutanen Lanzarote suka tsere mana shi ne murfin. Da suka gane amfanin tsakuwar, sai suka riƙa ɗibarta suna kai wa gonakin da dutsen bai taɓa ba, su shimfiɗa ta kaurin kamar tafin hannu a kan ƙasa, su shuka albasa da dankalin turawa da wake ba tare da ban-ruwa ba. A tsakiyar tsibirin kuma, inda iska ke kwaso farin yashin teku, da shi suke rufe ƙasa su noma dankalin Hausa da kankana. Mu muna tara ruwa a rami, sannan mu bar rana ta shanye rabinsa, karan da zai rufe ƙasar kuma dabbobi da murhu suna jiransa.

Ba mu da baƙar tsakuwar Timanfaya a Sakkwato ko Damagaram, amma muna da tsakuwar marmara, muna da yashi mai kauri, muna da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi. Ina kira ga malaman aikin gona na Samaru da na cibiyar INRAN a Nijar su ware fili, su haƙa tassa, su rufe wasu da waɗannan abubuwa su bar wasu a buɗe, su auna damshin a watan Maris, sannan su faɗa wa manoma sakamakon da Hausa a rediyo.