Kyaftin ɗin Labarinki: A Bar Mu Mu Gan Shi Yana Aiki

Duk mai bin littattafan da ake yaɗawa a WhatsApp da Wattpad ya lura cewa matuƙin jirgin sama ya zama tauraro a 'yan shekarun nan. Da likita ake yayi ko ɗan hamshaƙin attajiri, yanzu kuwa Kyaftin ne. Na ji daɗin haka, domin jirgi ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun 1925 ya fara sauka a Kano, kuma tun 1964 ake da kwalejin koyon tuƙin jirgi a Zariya. Abin da ke damuna shi ne, yawancin Kyaftin ɗin nan ba ma ganin komai nasu sai farar riga da tabarau da ƙamshin turare. Da za a goge kalmar jirgi a rubuta banki, labarin zai tafi yadda yake. Saboda haka ƙanwata, ke da kike shirin rubuta labarinki na farko, ina roƙonki ki nuna mana mutumin nan a bakin aikinsa.

Aikin yana farawa tun jirgi na ƙasa. Kafin fasinja su hau, ɗaya daga cikin matuƙan zai sauko ya zagaye jirgin da ƙafa, ya duba tayoyi, ya leƙa bakin injin, ya kalli ƙasa ko mai ya ɗiga. Sai su duba rahoton yanayi, su lissafa man da zai kai su, da wanda zai kai su wani filin idan na farko ya ƙi saukuwa, da ɗan ƙari a kai. Kyaftin yana hagu, mataimakinsa yana dama. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na magana da hasumiya ta rediyo. A lokacin tashi da sauka, har sai an wuce ƙafa 10,000, an hana su duk wata hira da ba ta aiki ba. Ƙofar ɗakin tuƙi kuma a kulle take tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, don haka kada ki shigar da budurwa ciki ta kai masa shayi.

Ba na cewa ki cika shafi da sunayen maɓallai. Abu biyu ko uku na gaskiya sun isa mai karatu ya yarda da ke. Inda labari yake shi ne wurin yanke shawara, kuma Allah ya ba mu abin da marubutan wasu ƙasashe ba su da shi: hazon hunturu.

Ki ɗauka watan Janairu ne. Jirgi ya taso daga Jidda zuwa Kano cike da masu Umara, an shafe awa huɗu da ɗoriya a sama, kowa ya ƙagu. Kyaftin ya sauko har iyakar da doka ta yarda masa, amma bai ga fitilun titin sauka ba, sai fari fat. Dole ya ƙara wuta ya sake hawa. Yanzu ya sake gwadawa ne, ko ya karkata Abuja? Mai yana raguwa. Kamfani zai yi asara, fasinja za su yi ƙorafi, ga mahaifiyarsa kwance a asibiti a Kano ana jiran isowarsa. A gefensa mataimakiyarsa ce, yarinyar da ya haifi kamarta, wadda aka yi wa tarbiyyar ba a musu da babba. Ta ga yana neman matsawa, horon da ta samu kuma ya wajabta mata ta buɗe baki ta ce a'a. Yaya za ta faɗa? Da wace murya? Shi kuma ya karɓa ko girman kai ya hana shi? Ni a ganina wannan minti biyun ya fi babi goma na sayayya a Dubai, kuma namu ne, daga cikin kunya da girmama na gaba da muka taso a ciki ya fito.

Sai maganar hatsari. Sau da yawa ana faɗo da jirgi ne kawai don a kawar da wanda ya tsaya wa masoya a hanya, kuma wannan yana yi mini ciwo. A ranar 22 ga Janairu 1973, alhazai na dawowa gida jirginsu ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A 1991 wani ya kama wuta bayan tashi daga Jidda zuwa Sakkwato, mutum 261 ba wanda ya tsira, kuma daga tayoyin da ba su cika iska ba abin ya fara. A Mayun 2002 wani ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Allah ya jiƙansu da rahama. 'Ya'yansu da jikokinsu suna cikin masu karanta ki. Idan labarinki ba zai yiwu ba sai da hatsari, ki ba shi dalili, ki ba mamatan suna da iyali, ki zauna zaman makokin tare da su.

Kuma ba dole jaruminki ya zama matuƙi ba. Akwai injiniyan da ke sa hannu cewa jirgi lafiya lau yake, da mai zama a hasumiya, da tsohuwar da ta sayar da gonarta za ta hau jirgi karon farko zuwa Makka.

Kafin ki saki babin farko, ki nemi wanda ya yi aikin nan, ko matuƙi ko injiniya ko ma'aikaciyar cikin jirgi. Ki tambaye shi ranar da ya fi jin tsoro da ranar da ya fi gajiya, sannan ki ba shi abin da kika rubuta ya gyara miki.